Yadda Matuƙin Ƙaramin Jirgi Zai Yi Idan Ya Yi Kiciɓis da Kifin Wel a Teku

Daga watan Yuli zuwa Oktoba na kowace shekara, kifayen wel masu doro suna barin ruwan sanyi na kusa da Antaktika, inda suka shafe watanni suna kiwo, su yi tafiyar dubban kilomita zuwa ruwan ɗumi na Mashigin Tekun Gini domin barbara da haihuwa. A waɗannan watanni ana ganinsu da yawa a gaɓar Gabon da kewayen tsibirin Sawo Tome, kuma wasunsu suna kaiwa ruwan Kamaru da Nijeriya da Benin da Togo da Gana. Saboda haka duk wanda ya fita teku a ƙaramin jirgi daga Legas ko Kwatano ko Tema a wannan lokaci, masunci ne ko ɗan yawon buɗe ido, yana iya ganin dabbar da ta ninka jirginsa tsawo ta ɓullo a gefensa tana huci, kuma ya kyautu ya san abin da zai yi tun kafin hakan ta faru.

Da farko akwai zaton da ya kamata a kawar. Wel mai doro ba ya farautar jirgi, kuma mutum ba abincinsa ba ne. Yana rayuwa ne a kan ƙananan jatan lande da ƙananan kifaye, maƙogwaronsa ma bai isa ya haɗiye mutum ba. A watan Fabrairun 2025, a mashigin Majelan da ke kudancin ƙasar Cile, wani wel ya kamfaci wani matashi tare da ɗan kwale-kwalensa a baki, sannan ya sake shi cikin 'yan daƙiƙu ba tare da ya ji masa ciwo ba. Haɗarin da ke tattare da wel yana zuwa ne daga girmansa. Babbansa yakan kai tsawon mita 14 zuwa 16, nauyinsa kuma tan 30 zuwa 40, wato kwatankwacin tirela da kayanta, kuma kowane ɗaya daga fikafikansa biyu na gaba yana iya kai mita 5. Irin wannan dabba ba sai ta yi nufin mugunta ba kafin ta kifar da jirgi, juyi ɗaya ya isa idan jirgin yana inda bai kamata ya kasance ba. Mafi yawan haɗurran da aka sani sun samo asali ne daga abubuwa biyu da suke hannun matuƙi, wato gudu da matsowa kusa.

Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata ka sa ran wel zai kauce maka ba. Ko da yake ana kiransa kifi, dabba ce mai shayarwa da take shaƙar iska da huhu, don haka dole ne ya taso saman ruwa lokaci zuwa lokaci, kuma wani lokaci yakan kwanta a saman ruwa yana hutawa ba motsi. Idanunsa suna gefe da gefe na kansa, ba ya ganin gabansa sosai. Bugu da ƙari, wel mai doro ba shi da baiwar da ƙananan danginsa, dolfin da orka (babban nau'in dolfin mai launin baƙi da fari), suke da ita ta tura sauti su ji dawowarsa domin gane abin da ke gabansu. Idan ya duƙufa wajen kiwo ko neman mace, hankalinsa ba ya kan jirginka sam.

Shiri kafin barin gaɓa

Shirin da ake bukata bai bambanta da na kowace fita teku ba, sai dai a lokacin zuwan wel sakaci ya fi tsada. Kowa ya sa rigar ceto a jikinsa, ba a ajiye ta ƙarƙashin kujera ba, domin wanda ya faɗa ruwa ba zato ba ya samun damar neman ta. A tabbatar rediyon oba-oba na jirgi yana aiki, a kuma san cewa tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya. A duba famfon kwashe ruwa, a ajiye bokiti kusa, a kuma bar wa wani a tudu labarin inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa.

Akwai wani abu da mutane ba su cika tunawa da shi ba, shi ne lafiyar tankin mai da bututunsa. A watan Satumbar 2022, a Kaikura ta ƙasar Niyu Zilan, wani ƙaramin jirgi ɗauke da mutum 11 ya kife bayan ya haɗu da wel, mutum 5 suka rasu. An same su ne a ƙarƙashin jirgin da ya kife, a wurin da iska ta maƙale, kuma binciken hukuma ya gano cewa fetur ya yoyo a wurin, tururinsa ya gurɓata iskar da suke shaƙa. Ɗan yoyon da ake raina wa a ranar da teku take lafiya shi ne ya zama babbar masifa a ranar da jirgi ya kife.

Karanta alamun ruwa

Idan aka shiga ruwan da aka san wel yana ziyarta, a naɗa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai duba gaba da gefe. Alama ta farko ita ce feshin numfashi, wanda yake tashi kamar farin hayaƙi ya ɓace nan da nan. Feshin wel mai doro yana da faɗi, yakan kai kimanin mita 3 a sama, kuma idan iska ta kwanta ana jin ƙararsa daga nesa. Idan iska tana busowa daga wajensa, warin numfashin kansa, wanda ba shi da daɗi ko kaɗan, yakan riga ganinsa isowa. Ganin feshi ɗaya ba ya nufin dabba ɗaya ce a wurin. A wuraren haihuwa irin na Tekun Gini, sau da yawa akwai jariri a gefen uwa wanda feshinsa ƙarami ne har ba a lura da shi, kuma wani lokaci akwai namiji da yake rakiyarsu a ƙarƙashin ruwa.

Alama ta biyu ita ce wani wuri mai zagaye da ruwa ya kwanta sumul a tsakiyar igiyoyi, wanda bugun jelar wel yake bari bayan ya nutse. Wannan yana nuna cewa bai daɗe da barin wurin ba. Wel mai doro yakan yi 'yan mintoci a ƙasa, wani lokaci har ya haura minti 15, kuma ba lalle ba ne ya taso ta inda ya fuskanta lokacin da ya nutse. Don haka ɓacewarsa daga ido ba izinin ƙara wuta ba ne.

Alama ta uku ta fi shafar masu kamun kifi a wuraren kiwon wel, kamar gaɓar Amurka da Kanada da yammacin Afirka ta Kudu. Inda tsuntsayen teku suka taru suna faɗawa ruwa, ƙananan kifaye kuma suna tsalle a sama, ko aka ga kumfa tana tasowa a zagaye, to akwai yiwuwar wel yana ƙasa yana shirin tasowa baki buɗe. Masunci yana ganin garken kifi ya nufe shi, wel ma abin da ya nufa ke nan. Haka ta faru a watan Yulin 2024 a gaɓar jihar Niyu Hamsha ta Amurka, inda wani wel da yake kiwo ya taso ya faɗa kan bayan wani ƙaramin jirgin masunta ya kifar da shi, mutum biyu suka faɗa ruwa, wasu samari da ke jirgi kusa suka tsamo su. Ka yi kamunka a gefen garken, kada ka tsaya a tsakiyarsa.

Gudu da tazara

Da zarar an hango wel, abu na farko shi ne rage gudu, a hankali ba da fizga ba. Bincike a kan karon jirage da wel ya nuna cewa yiwuwar mutuwar dabbar tana raguwa ƙwarai idan gudun jirgi bai wuce not 10 ba, wato kimanin kilomita 18 da rabi a sa'a. A kan wannan ne Amurka ta kafa doka tun 2008 cewa jiragen da tsawonsu ya kai ƙafa 65 kada su wuce wannan gudu a wasu yankuna na gaɓarta ta gabas a wasu watanni, domin kare wani nau'in wel na Arewacin Atilantika da bai wuce 400 ba a duniya. Ga ƙaramin jirgi kuwa, rage gudun yana kare mutanen ciki fiye da yadda yake kare dabbar, domin jirgin da ya daki tan 30 yana tsananin gudu tamkar ya tsaya cak ne, mutanen cikinsa kuma su ci gaba da tafiya. Idan tazarar ta ragu zuwa kilomita ɗaya, ka sauko ƙasa da not 7, idan kuma ta kai mita 300, ka yi tafiyar da ba ta tayar da igiyar ruwa a bayanka.

Game da iyakar matsowa, dokokin ƙasashe sun bambanta, amma suna kusa da juna. A Ostireliya ba a yarda jirgi ya matsi wel ƙasa da mita 100 ba, idan kuma akwai jariri tazarar takan koma mita 300, sannan jiragen da za su kasance cikin mita 300 a lokaci ɗaya kada su wuce uku. A Hawai da Alaska tazarar wel mai doro yadi 100 ce. Wancan nau'in na Arewacin Atilantika da yake gab da ƙarewa kuwa, yadi 500 doka ta ce. A Afirka ta Kudu, inda garin Hamanus ya yi suna wajen kallon wel daga kan tudu, jirgin da ba shi da lasisi na musamman ba ya matsowa ƙasa da mita 300. Jihar Washinton ta Amurka ta ɗaga tazarar wasu orka nata zuwa yadi 1,000 daga farkon 2025. Kafin ka fita a kowace ƙasa ka tambayi dokarta, domin a wurare da dama keta ta yana jawo tara mai nauyi. Inda ba ka samu wanda zai faɗa maka ba, ka riƙe mita 100 ga babba da mita 300 ga uwa da ɗanta, kuma a ganina wanda jirginsa bai kai dabbar tsawo ba gara ya ƙara a kan haka. Ƙiyasta nisa a kan ruwa yana da wuya, ido yakan yaudari mutum, don haka ka auna da tsawon jirginka: idan mita 10 ne, to ka bar tsawonsa goma a tsakaninku.

Yadda ake matsowa ma yana da ƙa'ida. Ba a tunkarar wel gaba da gaba, ba a kuma bin sa ta baya kamar ana korarsa. Ana tafiya ne a gefensa, a fuskanci inda ya fuskanta, a ɗan ja baya kaɗan, da gudun da bai wuce nasa ba. Kada ka yanke masa hanya, kada kuma ka yi dabarar da wasu masu ɗaukar 'yan kallo suke yi ta zagayawa da gudu su tsaya a gabansa domin ya taso kusa da su. Kada ka sa shi tsakaninka da gaɓa ko tsakanin jirage biyu, ka bar masa hanyar fita zuwa ruwa mai zurfi. Idan akwai wasu jirage, ku tsaya duka a gefe ɗaya. Minti 30 ya isa kallo, musamman idan wasu suna jiran layi, domin uwar da take shayarwa a ruwan ɗumi kusan ba ta cin komai na tsawon watanni, kitsen jikinta take ƙonawa, kuma duk gudun da ta yi don guje wa jirgi daga abin da za ta shayar da ɗanta take cirewa.

Idan shi ne ya zo wurinka

Wani lokaci matuƙi yakan kiyaye duk abin da aka faɗa, amma wel da kansa ya nufo jirgi. Matasansu musamman suna da son sanin abu, sukan zagaya jirgi, su ɗago kai tsaye daga ruwa suna kallo, su bi ta ƙarƙashi su ɓullo ta ɗaya gefen. A nan ne ake gane matuƙi mai natsuwa. Ka sa giya a firi domin farfela ta daina juyawa, ka bar inji yana aiki a hankali, saboda ƙararsa tana sanar da dabbar inda kake, kuma za ka iya motsawa idan bukata ta kama. Kada ka ja da baya da sauri, domin ba ka san abin da ke bayanka ba, kuma farfela ita ce take yi wa wel mummunan rauni. Wanda yake jirgi mai tafiya da iska ko kwale-kwale marar inji ya riƙa ɗan bubbuga jikin jirgin da hannu ko da filafili domin a san yana wurin, kuma idan kwale-kwalen suna da yawa su haɗu wuri ɗaya maimakon su warwatsu.

Mutanen cikin jirgi su zauna ƙasa, su riƙe wani abu mai ƙarfi. Babban kuskuren da ake yi shi ne kowa ya ruga gefe ɗaya da waya a hannu, wanda hakan kaɗai yana iya kifar da ƙaramin jirgi ko da wel bai taɓa shi ba. Matuƙi ya faɗi wannan tun a gaɓa, domin a lokacin da dabbar ta taso babu mai saurarensa. Kada kowa ya miƙa hannu ya taɓa ta, kada a jefa mata abinci, kada kuma wani ya ce zai shiga ruwa. Masu fatsa su naɗe igiyoyinsu, mai raga a ruwa kuma ya dakata da ja har dabbar ta wuce.

Ka lura da halin da wel yake ciki. Idan yana tafiya a natse yana numfashi daidai, sai ka jira. Idan kuwa ya fara dukan ruwa da jela ko sharar ruwa da ita gefe da gefe, ko yana fitar da numfashi mai ƙara kamar busa, ko yana sauya hanya ba zato, ko uwa tana shiga tsakaninka da ɗanta, to an takura masa, kuma lokacin janyewa ya yi. Wuri biyu ne ba a tsayawa ko da dabbobin ba su nuna damuwa ba. Na farko shi ne tsakanin uwa da ɗa. Na biyu shi ne kusa da gungun maza da suke gasa a kan mace, abin da ake yawan gani a wuraren barbara, domin suna gudu suna bangazar juna ba tare da kula da abin da ke kewaye da su ba. Haka ma wel da ya fara tsalle yana fitar da jikinsa daga ruwa, yawanci ba sau ɗaya yake yi ba, kuma babu mai iya cewa ga inda zai faɗo a karo na gaba. A watan Yulin 2010, a gaɓar birnin Kef Tawun, wani wel ya yi tsalle ya faɗa kan wani jirgi mai tafiya da iska na wasu mutum biyu ya karya turken zanen jirgin, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni.

Kafin ka sake sa giya, ka tabbatar ka ga dabbar ta taso nesa da kai, kuma ka ƙirga su idan sun fi ɗaya. Sannan ka janye a hankali, kada ka ƙara wuta sai ka ba da tazarar aƙalla mita 300.

Idan an yi karo

Idan ƙaddara ta sa aka yi karo, mutane ne farko: a ƙirga su, a duba masu rauni, a jefa wa wanda ya faɗa ruwa abin riƙewa, kuma a kashe inji kafin a ɗauko shi ta baya. Daga nan a duba cikin jirgi ko ruwa yana shiga, musamman wajen farfela da allon da ke juya jirgi, domin a nan ne aka fi samun tsagewa. A kira tasha ta 16 da wuri a faɗi inda ake, ko da ana ganin za a iya shawo kan matsalar, saboda soke kiran agaji ya fi sauƙi a kan yin sa bayan batir ya jiƙe. Idan jirgi ya kife amma bai nutse ba, a fito daga ƙarƙashinsa a tsaya tare da shi, domin masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kawunan mutane.

Darajar kayan sadarwa tana fitowa idan aka kwatanta haɗurra biyu da suka faru a Tekun Fasifik. A 1973 wani wel ya fasa jirgin wasu ma'aurata 'yan Ingila, suka shafe kwana 117 suna yawo a kan ƙaramin jirgin roba kafin wani jirgin kamun kifi na Koriya ta Kudu ya tsince su. A watan Maris na 2023 irin wannan ta faru da wasu mutum huɗu tsakanin tsibiran Galafagos da Folinisiya, jirginsu ya nutse cikin kimanin minti 15, amma da yake suna da na'urar aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam, ba su cika kwana ɗaya a ruwa ba aka ɗauke su. Bayan an tsira, a kai rahoto ga hukumar ruwa ta ƙasar, a faɗi wuri da lokaci da gudun jirgi da kamannin dabbar. Hukumar kula da wel ta duniya, IWC, wadda aka kafa a 1946, tana tattara irin waɗannan rahotanni, kuma da su ake gane wuraren da ya kamata a sauya hanyar jirage.

Orka na mashigin Jibralta

Akwai wuri ɗaya da shawarar tsayawa a jira ba ta aiki yadda aka saba, shi ne ruwan da ke tsakanin Maroko da Sifen da Fotugal. Tun daga 2020, wasu daga cikin orka na wannan yanki, waɗanda gaba ɗayansu ba su kai 50 ba, suka ɗauki ɗabi'ar bin jirage masu tafiya da iska suna tura allon juya jirgi da kai, suna cizonsa har ya karye. An samu ɗaruruwan irin wannan haɗuwa, kuma jirage da dama sun nutse, ciki har da wanda ya nutse kusa da tashar Tanja ta Maroko a ƙarshen Oktoban 2023, da wani mai tsawon mita 15 da ya nutse a ruwan Maroko a watan Mayun 2024, wanda wani jirgin dakon mai ya ceci mutum biyun da ke cikinsa. Abin lura shi ne allon suke nema, ba mutane ba, kuma masanan da suka yi taro a Madrid a farkon 2024 sun karkata ga cewa wasa ne da matasan orka suka ƙirƙira suka koya wa juna, ba ramuwar gayya ba kamar yadda wasu kafafen labarai suka yi ta yayatawa.

Waɗannan orka suna bin kifin tuna ne, don haka an fi haɗuwa da su a mashigin da kuma ruwan Kadis na kudancin Sifen daga watan Afrilu zuwa Agusta, sannan su yi arewa. Wanda zai ratsa yankin ya duba taswirar inda aka gan su kwanan nan kafin ya tashi, ya kuma bi kusa da gaɓa gwargwadon yadda lafiyar jirgi ta ba da dama, domin haɗuwar ta fi yawa a ruwa mai zurfi, kuma matuƙa da yawa suna bin inda zurfin bai wuce mita 20 ba. A farkon lamarin shawarar da ake bayarwa ita ce a tsayar da jirgi a sauke zane a jira su gaji. Daga baya hukumomin Sifen suka sauya, suka ce kada a tsaya, a kunna inji a nufi gaɓa zuwa ruwa marar zurfi. Ko wacce aka bi, a kashe na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, kuma matuƙi ya yi hattara da sitiyari, domin bugun orka a kan allon yana iya juya shi da ƙarfin da zai karya hannu. Kowa ya nisanci bakin jirgi, a sanar da tasha ta 16. Jefa musu abin fashewa ko zuba mai a ruwa ko dukansu laifi ne a dokar ƙasashen, tun da dabbobi ne da ake karewa.

Wel da ya sarƙe a igiya

Idan ka ga wel yana jan igiya ko raga ko balan-balan ɗin masunta, tausayi zai sa ka so ka yanke masa, amma kada ka yi, kuma kada ka shiga ruwa ko kusa. Dabbar da take cikin azaba ba ta bambance mai taimako da mai cutarwa, kuma igiyar da take ja tana iya naɗe ƙafar mutum ko farfelar jirgi. A watan Yulin 2017 wani ƙwararren mai ceton wel ɗan Kanada, wanda ya shafe shekaru yana wannan aiki, ya rasa ransa a mashigin Sen Lorans jim kaɗan bayan ya kwance wa wani wel igiya. Akwai kuma illa ga dabbar: wanda bai ƙware ba yakan yanke igiyar da ke bayyane a baya ya bar wadda ta naɗe baki ko fiffike, alhali waccan ta bayan ita ce masu ceto suke kamawa su yi aikinsu. Abin da zai amfanar shi ne ka ɗauki hoto daga nesa, ka rubuta wurin, ka sanar da hukuma, idan hali ya yi kuma ka tsaya kana hango dabbar har wani jirgi ya karɓe ka, domin wel da aka bari yana da wuyar sake samuwa.

Dolfin da kunkuru da ayu

Dolfin sukan zo da kansu su yi ta tsere a gaban jirgi suna hawa igiyar da yake turawa. Ba a tsayawa kwatsam, ba a kuma juyawa don bin su, ana riƙe hanya da gudu yadda suke har su gaji su tafi. Kutsawa cikin garkensu da gangan domin a sa su tsalle yana raba uwa da ɗa. A gaɓar Afirka ta Yamma akwai wani dolfin mai doro da yake zama a ruwa marar zurfi kusa da bakin koguna, wanda yanzu yake cikin dabbobin da suke gab da ƙarewa, kuma shi ba ya son jirgi, don haka a ba shi wuri.

Kunkurun teku yakan taso shan iska, kansa kawai ake gani, kuma ba ya iya nutsewa da saurin da zai tsere wa jirgi mai gudu, musamman kusa da rairayin da suke yin ƙwai kamar na Gabon da Gana. Haka ayu, wanda masuntan Neja da Binuwai suka sani sarai, yana zama a tafkunan bakin teku irin na Legas da bakin kogin Bolta, yana kiwon ciyawa a ruwa marar zurfi inda ba shi da wurin nutsewa idan jirgi ya zo. Ɗan'uwansa na Bahar Maliya yana nan a yankin Dunganab na ƙasar Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. A irin waɗannan wurare ka bi tsakiyar hanya mai zurfi, ka rage gudu inda ciyawa ta yi yawa, ka duba ko akwai hanci da ya ɓullo ko ruwa da yake murɗawa a gabanka, kuma idan zurfin ya ragu sosai ka ɗaga injin sama ka ƙarasa da gora ko filafili.